Zuwa ga Bashmuhandis Mai Neman Minha

Taubashi, ɗan Gwaggo, Bashmuhandis, babban injiniyan gobe, ina gaisuwa. Kai ya kamata ka fara gaishe ni, tunda ni ɗan namiji ne kai ɗan mace, kuma ba a taɓa jin digirin da ya juya wannan tsari ba. Amma na yafe, don na ji kana cikin hidima.

Labari ya iso mana har ƙarƙashin rakuba, rumfarmu ta shan inuwa, cewa ka ɗaura ɗamarar neman minha, tallafin karatun da zai ɗauke ka daga Jami'ar Jazira ya sauke ka ƙasar Turawa. Mata har sun gyara murya za su rangaɗa guɗa, sai wani mai ƙarambani ya tambayi abin da za ka karanto. Mu mun zaci likitanci ne, ko ginin madatsar ruwa irin ta Sinnar, ko in abin ya yi ƙasa, tuƙin jirgin feshin auduga. Sai ƙaninka ya ce a'a, wai za ka je koyon rubuta takardar nan da ake nannaɗewa a cusa cikin kwalin magani, da ɗan littafin da ke zuwa tare da injin ban ruwa, wanda mai shayi ke fifita gawayi da shi. Guɗa ta koma ciki. Gwaggo ta daɗe ba ta ce uffan ba, can ta tambaya ko akwai wanda ake biya don wannan aiki, ko kuwa sadaka ake yi.

Ni na tsaya maka, kada gobe ka ce ban taɓa yi maka rana ba. Na ce ana biya, kuma karatu ne na gaske, rubutun bayanin fasaha ake ce masa. Na gaya musu ya yi ƙarfi ne tun Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jirage da na'urorin hango jirage suka yi wuyar sha'ani, har wanda ya ƙera ya kasa fahimtar da wanda zai riƙe, aka ga dole a nemi mai shiga tsakani. A 1953 wata kwaleji mai suna Rensselaer a jihar New York ta fara ba da digiri na biyu a kansa. A shekarar ce kuma masu sana'ar suka kafa ƙungiyoyin da daga baya suka dunƙule suka zama Society for Technical Communication, wadda ita da rassanta suka daɗe suna ba ɗalibai tallafin karatu da lambobin yabo. Da na ga Gwaggo ba ta gamsu da Turawa ba, sai na kawo mata Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ke kwance a Wurno tun 1837, garin da Mai Wurno ɗinmu ta nan Sudan ta gaji sunansa. Duk da nauyin daula, ya zauna ya rubuta littattafan magani, har da na ciwon ido da na basir, don mai jinya ya san abin da zai haɗa da yadda zai sha. Ta ce to in Sarkin Musulmi ya yi, ba ƙasƙanci ba ne. Ka ga bashin da nake bin ka.

Abin da na ɓoye, don rufin asirinka, shi ne ƙungiyar nan ta mutu. A Janairun 2025 ta sanar ta rufe, kuɗi sun ƙare. Ƙungiya ta haura shekara saba'in tana numfashi, ta ga zamanin tafireta, ta ga zuwan kwamfuta, ta ga intanet, babu abin da ya same ta, sai da kai ka fara leƙa shafinta. Ba ka daddara ba. Ka ce ko ba ƙungiya ai akwai jami'o'in Amurka, ka juya fuska can, a watan Yunin 2025 Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa ƙofa. Ina roƙonka don zumunci ka riƙa kallon Ingila da Jamus da gefen ido, akwai 'ya'yan mutane masu buƙata. Chevening ta Ingila ma sai ka yi shekara biyu kana aiki take duba takardarka, kuma zaman bencin mai tsiren agashe ba ya shiga lissafi.

Takardar neman da ka turo in duba maka, na duba. Kai, Turanci ya sha wuya a hannunka! Ka ce burinka tun kana yaro shi ne ka gina gada tsakanin ilimin zamani da al'ummomin karkara marasa galihu. Na yi ta tunanin su wane ne waɗannan bayin Allah, sai daga baya na gane ashe mu ne, ni da Gwaggo da mai awakin da ke ba ka nono kyauta in ka zo hutu. Burin yarinta kuwa, ni na san shi, keke ne.

To bari in tuna maka gadar da ka gina mana lokacin tumatir.

Tsutsa ta shiga tumatir ɗin Gwaggo na bayan gari, ta aiki ƙaninka kasuwa ya sayo kwalbar maganin feshi. Takardar jikin kwalbar gefe ɗaya Turanci, gefe ɗaya Larabci da ƙananan haruffan da sai an fita rana an ware ido, kuma awon da aka bayar lita ce a hekta. Wa ya taɓa ganin hekta a Jazira? Mu faddan muka gada, da shi ake rabon hawasha, gonar da ake yanka wa kowane manomi, da shi ake faɗa, da shi ake sulhu. Aka ɗauki hoton kwalba aka tura maka da tambaya ɗaya tak: nawa za a zuba a famfon goyo? Saƙon murya ya dawo na minti tara. Ka fara da sunan sinadarin da ke ciki da dangin da ya fito. Ka bayyana yadda yake kama jijiyar ƙwaro. Ka yi gargaɗi kan yadda ƙwari ke sabawa da magani in an dame su da iri ɗaya. Ka ambaci wani malaminku da abin da ya ce a aji. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, da haƙurin da ta raine ka da shi, sannan ta sa aka sake tambayarka: murfi nawa? Ka ce ya danganta.

Gaskiya ka faɗa, ya danganta. Amma ai don wannan dangantawar ake ɗaukar irinku aiki, ku shige cikinta ku fito wa mutum da lamba ɗaya. Ni da nake koyar da lissafin 'yan firamare na yi a bayan kwalin sukari. Faddan murabba'in mita 4,200 ne, hekta 10,000. In kwalba ta ce lita ɗaya a hekta, faddan zai ci mililita 420. Saura a san goyo nawa ke rufe faddan, wannan kuwa babu kamfanin da zai gaya maka, don yana ga bakin famfon da saurin ƙafar mai feshi. Sai a cika famfo da ruwa zalla, lita 16 ɗinsa, a ba yaron da zai yi aikin ya yi tafiyarsa ta kullum cikin kunya, a auna inda ruwa ya ƙare. In ya nuna goyo biyar ne a faddan, kowane goyo ya tashi mililita 84. Nan ɗin ma da sauran aiki, don Gwaggo ba ta da abin auna mililita, murfin kwalabe kuma ba girmansu ɗaya ba. Sai ka auna 84 ɗin sau ɗaya da sirinji marar allura, ka zuba a wata 'yar kwalba, ka ja layi da jan fenti, ka ce, "Zuwa nan, a kowane goyo, kuma wannan kwalbar ta yi bankwana da ɗakin girki." Kalas. Minti tara ya koma layi ɗaya.

Kuma cikin minti taran nan ba ka taɓo abubuwan da ke kwantar da mutum asibiti ba. Ba ka ce ta dubi ratsin launin da ke ƙasan takardar ba, wanda ko marar karatu zai gane in an nuna masa sau ɗaya: ja ne mafi haɗari, rawaya na bi masa, sai shuɗi, sai kore. Ba ka karanta mata kwanakin da za a jira tsakanin feshi da tsinka ba, alhali ka san in tumatir ya yi tsada a kasuwar Madani, wanda aka fesa da hantsi kafin la'asar yana cikin akwati. Ba ka ce in kwalba ta ƙare a ɗauraye ta sau uku, a juye ɗaurayen cikin famfo, a huda ta ba, kuma ka san gidaje nawa ke zuba man girki ko ruwan alwala cikin irin waɗannan robobi don suna da murfi mai kyau. Hotunan jikin kwalbar suna nuna mutum da takalmin roba har gwiwa, da safar hannu, da gilashin rufe fuska. Wanda ya zana bai taɓa tsayawa a gona a watan Mayu ba, lokacin da zafi ke haura maki 40. Mai bayanin da ya san mu zai faɗi abin kariyar, sannan ya ƙara abin da za a iya ko babu shi: a yi feshi da sassafe ko gab da magariba, iska tana bayanka, da riga mai dogon hannu, kada a ci abinci ko a cusa tumbak a leɓe da wannan hannun, a yi wanka da sabulu, a wanke kayan daban.

Kada ka ce wannan ƙaramin abu ne. Jazira ta taɓa ɗanɗana kuɗar feshin da ba a fahimta ba a babban sikeli. A ƙarshen shekarun 1970, bayan an yi shekaru jirage na zuba magani a kan auduga, farin ƙuda ya gagari kowa, don maganin ya kashe ƙwarin da ke cin sa ya bar shi. Ya riƙa zubar da danƙo a kan ƙada, masu saye a waje suka rage farashi. Cikin abubuwan da suka taimaka daga baya har da makarantun gona da aka buɗe wa manoma a shekarun 1990, tare da FAO da Hukumar Binciken Noma ta Wad Madani, inda ba a hawa mumbari. A shiga gona, a juya ganye, a ƙirga ƙwari, a koya wa mutum bambance maƙiyi da mataimaki, a bar shi ya yanke ko lokacin feshi ya yi. Ilimin yana nan a ofis tun tuni, hanyar isar da shi ce aka gyara.

In kana neman malami a wannan fanni, ba sai ka nemi biza ba. Tsohon gafir ɗinmu, mai gadin tur'a, magudanar ruwan gonakinmu, yana nan da ransa. Ka tuna girman abin da ake tafiyarwa a ƙasar nan. Tun da aka gama madatsar Sinnar a 1925, ruwan kogin Bahar Azrak ke gangarowa da kansa ba inji, daga babbar magudana zuwa matsakaita, zuwa tur'a, zuwa Abu Ishrin mai shayar da nimra ta faddan 90, zuwa Abu Sitta mai shiga hawashar mutum. Da aka ƙara Managil, filin ya haura faddan miliyan biyu. An tsara kowace gona ta sha duk bayan kwana 14, an tsara tur'a ta tara ruwa da dare a sake shi da rana, kuma buƙatar ruwa tana hawa daga mufattish, mai duba gonaki, zuwa sama har ta kai ga masu buɗe ƙofofin madatsa. Duk wannan a rubuce yake a hedkwatar gonakin Jazira da ke Barakat, da Turanci, da jadawali, da lambobi. Amma ko shafi ɗaya bai taɓa isa hannun kakanninmu ba.

Su wane ne kakannin namu? Waɗansu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Waɗansu alhazan ƙafa ne da suka tsaya tsinkar auduga don tara kuɗin jirgin ruwa, aka haifi 'ya'ya, aka haifi jikoki, tafiyar tana nan a baki. Sun iso ba Turanci, Larabcin ma na Alƙur'ani ne, ba na kasuwa ba. Duk da haka suka zama cikin waɗanda ake nema in ana son ban ruwa mai kyau. Wa ya koya musu? Samad, manomin da ke kula da nimra, da gafir, da baki da sanda. Ni na taɓa ganin tsohon nan yana sallama wa wani yaro sabon zuwa aikin dare. Bai ce masa komai kan yawan ruwan da ke wucewa a sa'a ba. Ya karya kara uku ya kafa su cikin angaya, yankin gonar da ake shayarwa, ya ce in ruwa ya taɓa na uku ka toshe nan ka buɗe can, in ka ji kwaɗi sun yi shiru a ƙasa je ka duba, wani wuri ya ɓalle. Ya sa yaron ya maimaita. Ya sa ya toshe ya buɗe a gabansa. Sannan ya naɗe jallabiyarsa ya tafi barci. Kai kuwa bayaninka kamar tur'ar da laka da ciyawa suka cinye ne: a kai ruwa har yana ambaliya, mai wutsiya yana zaune da fartanya yana jira.

Na san abin da za ka ce, wai jini ne, ai ku Zazzagawa masu ilimi ne tun asali, mu Kanawa sai ciniki. To, bari mu duba. Gaskiya ne a Zariya Hukumar Fassara ta zauna, a can Rupert East ya shirya gasar 1933 da ta fito da Ruwan Bagaja. Gaskiya ne daga can Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939, kuma can East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah, inda suka bayyana wa yaran Hausa halittu da kimiyya da harshen da ake magana da shi a tsakar gida. Har yau Samaru na fitar da bayanan noma da Hausa a takarda da rediyo. Duk na yarda. Sai dai Imam a Kagara aka haife shi, a Katsina ya yi karatu. Ku ɗaki kawai kuka ba da haya. Abin lura a labarin shi ne gasa ta tono mutumin da ya riga ya iya jan hankalin mai sauraro, sannan aka ɗora masa aikin bayani. Kyauta ba ta koya masa magana ba, ta same shi yana yi.

Mafi kyawun takardar fasaha da na taɓa gani a ƙasar nan ma babu jimla ko ɗaya a jikinta. Ka tuna tsargiya, yadda yaranmu masu wanka a tur'a ke fitsarin jini har waɗansu na zaton alamar girma ce. Don ita da zazzaɓin sauro da gudawa aka kafa Shirin Lafiya na Bahar Azrak a 1979. Maganinta da nauyin jiki ake ba da shi, miligiram 40 a kowane kilo. To ina sikeli a makarantar ƙauye, kuma wane malami ne zai yi ta lissafi yara ɗari suna layi a rana? Sai masana suka lura tsayin yaro yana nuna nauyinsa daidai gwargwado, aka yi sanda mai ratsi-ratsi. Yaro ya jingina, inda kansa ya tsaya an zana yawan ƙwayar da zai sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita, ana aiki da ita a ƙasashe da yawa. Wanda ya fara wannan tunani ya sha lissafi mai wuya don wanda zai riƙe sandar kada ya yi ko ɗaya. Da kai aka ba, da mun samu sanda mai gabatarwa da babi biyar.

Ba na son in shigar da yaƙi cikin wasa, amma shi ya shigo mana ba sallama. Daga Disambar 2023 zuwa Janairun 2025 ka san abin da Madani ta gani, ka san yadda karatunku ya watse, ka san waɗanda muka rasa, Allah ya ji ƙansu. Abin da ya bari a baya duk aikinka ne. Kwalara ta ɓarke tun Agustan 2024, masu agaji suka zo da ƙwayoyin tsabtace ruwa, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba: akwai ta lita ɗaya, akwai ta jarka mai lita 20, akwai ta tanki. Duk farare ne, duk ƙanana. Wa zai gaya wa tsohuwar da ke kambo, zangon 'yan ƙwadago, wacce ce a hannunta, da cewa sai an jira rabin sa'a kafin a sha, da cewa ruwa mai laka sai an bar shi ya kwanta an tace? Ruwan gishiri da sukari, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya, an san shi shekara da shekaru, amma har gobe akwai mai juya awon. Ga harsasai da gurneti da ba su fashe ba kwance a gonaki da kangaye, ga yara masu tsintar ƙarfe su kai wa mai sikeli. Akwai takardun gargaɗi, na gani. Yawancinsu da Larabcin jarida ne. Wani mai kyakkyawar niyya ya taɓa turo mana na Hausa daga Najeriya ta waya, sai ga shi da boko, mu kuwa mutanenmu haruffan Larabci suka sani, na allo da na makarantar gwamnati. Hausa ce, amma sai an nemi mai karanta musu. Wannan giɓin babu ɗan Landan ko ɗan Balin da zai gan shi. Kai da ka tashi da Hausa a gida, Larabci a makaranta, Turanci a jami'a, kana zaune a kan abin da ba a sayarwa, kana ta neman wanda zai biya maka kuɗin jirgi ka bar shi.

Kuma abin haushin, ka iya. Ina da shaida a wayata. Lokacin da layukan waya suka mutu a Fabrairun 2024, ana biyan kuɗi a zauna kusa da farantin Starlink na ɗan lokaci, ka buƙaci in turo maka kuɗi ta manhajar banki ta Bankak, ni kuwa ban taɓa yi ba. Saƙon da ka aiko mini, wallahi ko a Rensselaer sai a rataye shi a bango. Mataki uku. Kowane mataki da hotonsa, da jan kibiya tana nuna inda zan danna. Lambar asusunka ka rubuta ta manya-manya, ka raba ta gida-gida don kada ido ya ɓace. Ka hango kuskuren da zan iya yi ka tare shi: "Yaya, in ya tambaye ka tabbatarwa ka danna kore, kada ka fita." Rabon da ka kira ni Yaya tun kana neman in ɗora ka a jaki. Babu tarihin banki, babu ya danganta. Ashe in kuɗin zai shigo aljihunka ne, kai ne sarkin masu bayani na Sudan gaba ɗaya.

Saboda haka, tunda Turawa suna ta rufe shaguna in sun hango ka, ni na buɗe nawa. Ina sanar da Minhar Ɗan Namiji, karo na farko, mai neman shiga mutum ɗaya ne kuma an riga an san shi. Za ka rubuta shafi guda, ba biyu ba, kan yadda ake haɗa maganin feshi a famfon goyo, da Hausar da muke yi, da ajami, da haruffan da mai ciwon ido zai gani. Za ka yi masa saƙon murya da bai wuce minti ɗaya ba, don wanda ba ya karatu. In ka ga ƙwayar tsabtace ruwa ta fi gaggawa, ka ɗauke ta, ban hana ba. Alƙalai su ne Gwaggo, da tsohon gafir, da 'yar ƙanwata mai aji biyar. Ba za su ba ka maki ba. Za a miƙa musu shafinka da famfo da kwalbar da aka cika da ruwan karkade a madadin magani, a ce su yi abin da takarda ta ce. Kai kana zaune a gefe, hannu a ƙirji, baki a rufe. Wannan ne sharaɗin da na san zai fi ba ka wuya. In ka ce "a'a, abin da nake nufi shi ne", ka faɗi. Duk inda Gwaggo ta tsaya ta ɗaga kai, ba ita ta yi kuskure ba, kai ne, sai ka koma ka gyara a sake.

Kada ka raina tsarin, can ma haka suke yi, sai dai su da madubi da na'urar ɗaukar hoto. Wani masaninsu ɗan Denmak, Jakob Nielsen, ya rubuta a 2000 cewa gwaji da mutum biyar ya isa ya tono mafi yawan matsalolin da ke cikin abu. Mu uku gare mu, amma Gwaggo ita kaɗai biyar ce.

In ka ci, ka ɗauki shafin nan, da na farkon da ya faɗi, da bayanin abin da ya sa ya faɗi, ka liƙa su a takardar nemanka ta DAAD ta Jamus ko ta duk wanda bai rufe ba tukuna, ka goge gadar nan. Masu tantancewa suna ganin gadoji dubu a shekara, duk an gina su tun ana yara. Da wuya su taɓa ganin shafin da tsohuwa ta gwada a gonar tumatir. Kafin yaƙi ai 'yan Kano da Sakkwato da Jigawa ne ke tururuwa Hartum, Jami'ar Afirka tana ɗaukar nauyin waɗansu. Hanya tana da zuwa tana da dawowa. Ka je ka karanto, ba mai riƙe maka riga, amma ka tafi da abin da za ka nuna.

Saura kyauta. Ban sa kuɗi ba, don jinai, kuɗin ƙasar nan, yanzu in ka kwana da shi sai ka tashi ka ga ya rame. Buhun dawa ne guda, da kaji biyu, da agashe iya cikinka a ranar da aka ba da sakamako. Na san ba ta kai ta Ingila ba, amma da babu gara ba daɗi. Kada kuma ka damu da inda asusun ya samo jari. Kuɗin shararka ne na Cika-ciki da na daina ba ka tun shekarar da ka shiga jami'a ka fara gaishe ni da ɗaga hannu. Na tara maka su. In ka faɗi jarrabawa, su koma asusu sai baɗi.